Ƙungiyar Makaɗa A Gaya: Me Ke Tara Ta, Me Ke Watsa Ta?

A Gaya, kamar sauran garuruwan Dendi, gidan biki da a da kan aika wa makaɗan kalangu goro, yau yaro ɗaya yake kira da lasifika da kwamfutarsa. Mutane kan ce samari ne suka raina kiɗan gargajiya. A ganina matsalar ta fi haka zurfi. Ƙungiyar makaɗa gida ce mai bakuna da yawa: jagora, 'yan amshi, masu kalangu ko kotso, da sanƙira mai fayyace kirari. Tana rayuwa ne muddin akwai mai ciyar da waɗannan bakuna, kuma tarihinta tarihin masu ciyar da ita ne.

A tsarin farko ubangida ne ke ɗauke da nauyin. Narambaɗa yana da fadar Isa, Musa Ɗanƙwairo yana da sarakuna da manyan 'yan siyasa, Ɗan Anace yana da dandalin dambe. A bai wa jagora doki ko riga ko hatsi, shi kuma ya raba wa yaransa. Gaya ta dace da wannan tsari domin gari ne na fatauci a bakin Kwara, Malanbil ta ƙasar Benin na tsallaken gada, Kamba ta jihar Kebbi na kusa. Makaɗi ɗaya kan yi wa Dandawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani wasa, ya karɓi kari da sefa da naira. Bayan hawan Seyni Kunce mulki a 1974, gwamnati ta zama sabon ubangida ta hanyar Samariya da bukukuwan matasa na ƙasa, inda kowace jiha ke fito da ƙungiyarta. Gasar Ɗan Gurmu, wadda aka fara a 1987, ta ƙara wa makaɗa fagen gwada basira.

Abubuwa uku suka sassauta wannan igiya. Na farko kuɗi: da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, hannun gwamnati da na attajirai ya ƙanƙance. Na biyu na'ura: a sitidiyo, fiyano ɗaya na kwaikwayon kalangu da ƙwarya da amshi, don haka mawaƙi ba ya buƙatar mutum takwas, waƙar kuma tana yawo a wayoyi ba tare da ko dala ta koma wa mai ita ba. Na uku wa'azi, wanda ya sa gidaje da yawa suka maye gurbin kiɗa da walima. Gaya kuma ta sami nata ƙarin nauyin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe gadar Malanbil. Idan kasuwa ta yi sanyi, kari ne farkon abin da ke yankewa.

Babbar asarar tana wajen koyo. Ba a koyon amshi a aji. Yaro kan bi jagora shekaru yana ɗaukar kayan kiɗa, yana haddace asalin gidaje da taken masu sana'a, na Sarkawa daban, na mahauta daban, na 'yan kokowa daban. Ranar da ƙungiya ta watse, makarantar ce ta rufe.

Wani zai ce gado ya isa ya tsare sana'ar, tunda 'ya'yan Ɗanƙwairo sun ci gaba bayan rasuwarsa a 1991. Gaskiya ne, sai dai gado na miƙa basira ne, ba ya miƙa ubangida. Ƙungiyar da ke amsa sunan mutum ɗaya takan yi rauni da zarar ya kwanta dama. A nan darasin wasu ƙungiyoyi yake. Battlefield Band, wadda aka kafa a Glasgow ta ƙasar Sikotlan a 1969, ta shafe fiye da shekara 40 tana sauya mambobi, tana haɗa algaitarsu ta gargajiya da fiyano, domin sunan na ƙungiya ne. A Yamai, Mamar Kassey da Yakuba Mumuni ya jagoranta tun 1995 ta ɗauki sunan gwarzon tarihin Songai, ta jera sarewa da molo da kalangu kusa da jita, ta kai su dandalin Turai. Tal National ma na da makaɗa masu karɓar juna a wasa.

Akwai masu cewa wannan gauraye na ɓata asali. Ƙorafin na da tushe, domin jita kan danne muryar molo, kuma waƙar da aka gajarta don dandali kan zubar da kirari. Amma kalangun da ke rataye a bango ba ya tsare asalin kowa. Makaɗan Mamar Kassey a hannu suke kaɗawa, kuma cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, inda ƙungiyar ta samo tushe, ta nuna ana iya haɗa tsohon gwani da sabon ɗalibi a inuwa ɗaya.

Abin da Gaya ke buƙata shi ne sabon mai ciyarwa: wasa na ƙa'ida da ake shiga da tikiti, gidan rediyo da ke biyan makaɗi idan ya sa waƙarsa, hukumar gari da ke ɗaukar ƙungiya sukutum a bukukuwanta, da asusun da 'yan amshi ke da kaso a ciki. Tsofaffin da suka san taken kowane gida suna nan da ransu, kuma yaron da zai gaje su zai zauna ne idan ya ga mai amshi na iya riƙe iyali da sana'arsa.