Maɗauri a tsakiyar jirgi: tsayawa bakin tabki ba wahala

Ɗan'uwa mai karatu, wannan darasi naka ne in kana noma da damana, kana su da rani. Ƙasar Adar ba ta da gulbi mai gudu duk shekara, amma tana da tabkuna. Akwai na Tabalak, wajen kilomita 50 daga Tawa bisa hanyar Agadas. Akwai na Ɗan Dutsi, wanda ya cika ya yi faɗi a damanar 1974. A shekarar 2005 an sa su biyun cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Tarwaɗa da karfasar da ake kamawa ciki suna ciyar da gidaje da yawa.

Jirgi shi ne jarin masunci. Katakonsa daga kudu ake kawo shi, da tsada. In ya tsage, kwanakin gyara kwanaki ne da ba kifi, ba kuɗin cefane. Sau da yawa a bakin ruwa jirgi ke jin ciwo, wajen tsayawa da sauke kaya. Ga wata dabara mai arha da za ta rage wannan asara.

Ina laifin igiyar goshi?

Kai kana tuƙi daga baya, igiya kuwa tana can goshin jirgi. In ka iso baki, sai ka taka taru da kifi ka je gaba, ko ka dira cikin taɓo. Kafin ka ɗaure, iskar hunturu ta juya gindin jirgin, ya bugi na maƙwabci ko dutse. Igiyar goshi kai kaɗai take riƙewa, sauran jiki yana yawo kamar jakin da aka ɗaure da doguwar igiya.

Tuna yadda kake ɗaukar azara a ka. Tsakiyarta kake ɗorawa, sai gaba da baya su daidaita. Haka jirgi yake. In ka riƙe shi ta tsakiya, ka riƙe goshi da gindi gaba ɗaya. Matuƙan jiragen teku masu tafiya da iska sun san haka. Suna kafa maɗauri a tsakiyar gefen jirgi, har mutum ɗaya ya iya tsayar da shi ba mataimaki. Da Faransanci sunansa «taquet». Guntun itace ne ko ƙarfe mai ƙaho biyu, ɗaya gaba, ɗaya baya.

Yadda za ka gane wurin

Wurin yana kusa da inda cikin jirgi ya fi faɗi. Kada ka huda sai ka gwada. Ran da ba iska, sa yaro cikin jirgi ya riƙe bakin igiya bisa gefe. Kai kuma ka tsaya nesa kaɗan, daura da jirgin, ka ja a hankali. In goshi ya riga zuwa, a matsa baya. In gindi ya riga zuwa, a matsa gaba. Inda jirgi ya taho gaba ɗaya a gicce, nan ne wurin. Yi alama da gawayi.

Yadda za ka sassaƙa shi

Nemi busasshen itace mai tauri, irin aduwa ko bagaruwa, wanda ba shi da tsaga. Kada ka sare ɗanye sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Tsawon maɗauri ya ninka kaurin igiya sau 16. Ke nan igiya mai kaurin santimita 1 tana son maɗauri mai santimita 16, ƙasa da taƙi kaɗan. Masassaƙi ya bar gindi mai kauri a tsaka, ya rarake ƙarƙashin ƙahonin yadda igiya za ta shige sau biyu. A goge shi sumul don kada ya ci igiya. A yi guda biyu, na dama da na hagu. Maƙeri ma yana iya ƙera na ƙarfe, amma a shafe shi da fenti saboda tsatsa.

Yadda za ka kafa shi

1. Kafa shi daga ciki, ƙasa da leɓen jirgi kaɗan, don kada ya kama taru ko birgi wajen jefawa.
2. Zaɓi wuri mai ƙarfi, jikin haƙarƙarin jirgi ko dab da katakon zama. Ramin ya kasance sama da inda ruwa ke kaiwa in jirgi ya cika da kaya.
3. Kada ka buga ƙusa kawai, ja ɗaya mai ƙarfi zai tumɓuke ta. Huda rami biyu, ka sa ƙusoshi masu noti da za su ratsa har waje.
4. Ta waje ka sa guntun katako kamar tafin hannu, ƙusoshin su ratsa shi. Shi zai raba nauyi, gefen jirgi ba zai tsage ba.
5. Cika ramukan da kwalta kafin ka ɗaure noti, don kada ruwa ya shiga katako ya ruɓar da shi.

Yadda za ka ɗaure

Kafa turke mai ƙarfi a mashigarka, inda ruwa ya kai gwiwa. Ɗaura masa tsohuwar robar taya don kada ya goge jirgi. Taho a hankali, goshi na fuskantar iska, har turke ya zo daidai da maɗauri. Zagaya igiya bayan turke, ka dawo da ita. Kewaya gindin maɗauri sau ɗaya. Sannan ka gitta ta bisa ƙahonin kamar kana rubuta lamba 8 da ka koya a ajin yaƙi da jahilci. A gittawa ta ƙarshe ka juya igiyar, bakinta ya shige ƙarƙashi. Wannan ɗauri yana riƙewa, kuma yana kwancewa da hannu ɗaya. Yanzu sauke kifinka a natse.

Abubuwa uku na kiyayewa

Na farko, kada ka ɗaure jirgi ta tsakiya can cikin tabki in ruwa na tashi. Jirgin da ya ba iska gefe yana shan ruwa, yana iya kifewa. A can igiyar goshi ita ce mai aiki.

Na biyu, in jirgi zai kwana, haɗa igiya biyu: ta goshi da ta tsakiya. Da damana ka sassauta su. Ruwan dare ɗaya yana iya ƙara tabki, gajeriyar igiya kuwa sai ta danne gefen jirgi ƙasa.

Na uku, da rani ruwa yana ja baya. Ka riƙa matsar da turke, ka duba noti da igiya kowace ranar kasuwa.

Guntun itace biyu, ƙusa huɗu da aikin wuni ɗaya ba su kai kuɗin katako guda ba. Karanta wa abokan sunka da ba su shiga aji ba tukuna, ku gwada a jirgi ɗaya kafin hunturu ya kankama. In akwai tambaya, ku aiko wa gidan rediyo ta hannun malamin gona na garinku.