Yadda Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ke Rubuta 'Ya'yan Wasan Ces

Wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, ana yin sa ne a kan allo mai gida 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16. 'Ya'yan nan iri shida ne: sarki, sarauniya, hasumiya, limami, doki da soja. Da yake akwai farare da baƙaƙe, alamu 12 ke nan ake bukata kafin a iya rubuta wasan.

Na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta san baƙi ko wasali ba, lamba kawai take ajiyewa. Ma'aunin ASCII, wanda aka fito da shi a Amurka a 1963, gurbi 128 kacal gare shi, kuma A ita ce lamba 65 a cikinsa. Babu wurin 'ya'yan ces a nan, kamar yadda babu wurin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ na Hausar boko. Dole 'yan wasa suka ci gaba da aron haruffa.

To, a nan gizo ke saƙar. Kowace al'umma da harafin farko na sunan da take kiran ɗan wasan take aiki. Baturen Ingila in ya rubuta R, hasumiya yake nufi. Bafaranshe kuwa sarki yake nufi. Doki N ne a Ingilishi, S a Jamusanci, C a Faransanci. Ɗalibin da ya koyi wasan a Kano zai iya buɗe littafin da aka buga a Faransa ya matsar da hasumiya inda marubucin ya ce a matsar da sarki, wasan ya dagule masa baki ɗaya. Saboda haka ne mawallafa irin su Chess Informant, da ta fara fita a Belgrade a 1966, suka gwammace sa ɗan hoton ɗan wasan a madadin harafi.

Ma'aunin Unicode ne ya mayar da hoton nan harafi sosai. A bugunsa na 1993 alamun 12 suna jere, daga lamba 9812 zuwa 9823. Farare ne a gaba, ♔ ♕ ♖ ♗ ♘ ♙, sannan baƙaƙe, ♚ ♛ ♜ ♝ ♞ ♟. Yanzu mutum na iya rubuta ♘f3, kowa ya gane doki ne ya tafi gidan f3, ko da wane harshe yake ji.

Sai dai malamai su jawo hankalin ɗalibai ga wani abu. Ma'aunin lamba da suna yake ƙayyadewa. Siffar da za a gani kuwa aikin salon rubutun da ke cikin na'urar ne. Farin ɗan wasa zanen gefe ne kawai, cikinsa fayau, baƙin kuma cikakke ne. In an yi rubutu da fari a kan baƙin allo, sai lamarin ya juye: baƙin sarki ya fito fari tas. Haka kuma tun 2018, da aka sa baƙin soja cikin alamun emoji, wasu wayoyi kan nuna shi da wata kama dabam da 'yan'uwansa 11, abin da ke ɓata jerin.

A 2018 an ƙara alamu 14 na xiangqi, ces ɗin Sinawa, a 2019 kuma aka ƙara 84, har da 'ya'yan da aka kwantar ko aka kifar, domin masu ƙirƙirar matsalolin wasa. Duk da haka tsoffin haruffa ba su mutu ba. Tsarin FEN, wanda manhajojin ces ke musayar yanayin allo da shi, har yau da ASCII yake aiki: K babba farin sarki, k ƙarami baƙin sarki.