Motar kara da motar gwangwani: abin da ya kamata iyaye su sani kan ƙirar 'ya'yansu

Da zarar an kammala girbin gero da dawa a yankin Sassumburum, kara ya bushe a gonaki, sai wata tasha ta buɗe a lungunan gari, tashar da babu kamasho babu kuɗin lodi. Yaro ne zai fito yana tura mota da dogon kara, bakinsa na yin ƙarar inji, ƙannensa na biye kamar karnukan mota. Haka abin yake a Magariya da Dungas da ƙauyukan da ke bakin iyaka. Da yawanmu mun yi wannan wasa, wasunmu ma sun sha bulala a kansa. To amma mene ne a cikin wannan ƙira, kuma me ya sa a wasu ƙasashe manya masu furfura ke kashe kuɗi da lokaci a kanta? Shi ne muka ce bari mu duba.

Yadda ake ƙerawa a nan gida

Motocin da yaranmu ke yi iri uku ne. Ta farko ita ce motar kara. Ana fere ɓawon karan dawa a yi siraran tsinkaye da shi, sai a yanka cikin karan mai taushi gunduwa-gunduwa, a riƙa soka tsinkayen a ciki har jikin mota ya tashi. Ba ƙusa, ba gam, ba ko dala. Matsalarta ba ta daɗewa: ko akuya ta cinye, ko ƙane ya zauna a kai.

Ta biyu motar waya ce. Ana lanƙwasa waya mai kauri a fitar da suran motar, a ɗaure mahaɗai da siririyar waya ko robar tsohon tif. Gwanayen cikinsu har sitiyari suke yi mata, doguwar waya daga hannun yaro zuwa tayoyin gaba, ya murɗa dama ta yi dama, ya murɗa hagu ta yi hagu. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin mota a garaji ya san cewa a motar gaske ma sanda ce ke haɗa tayoyin gaba biyu domin su juya tare. Yaron bai karanta wannan a littafi ba, idonsa ne ya gani, hannunsa ya gwada har abin ya yi.

Ta uku ita ce motar gwangwani ko ta langa-langa, kuma ita ce mai wahala. Ana buɗe gwangwanin madara ko na tumatir ko na kifi, a daddale shi da dutse, a yanka, a naɗe baki. Tayoyi daga tsohon silifas ake yanko su, ko a haɗa murafen kwalba biyu. Farar robar ruwa ta zama gilashi, guntun madubi ya zama madubin gefe, a samu tsohuwar tocila a ciro ƙwai da batir a yi fitila.

Abin lura shi ne yaranmu ba sa ƙera motar da ba su sani ba. Hayis ɗin da ke ɗaukar 'yan kasuwa, da Hilux, da kamiyo mai bodin katako da ke lodin hatsi da dabbobi, da tankunan mai irin waɗanda suka yawaita a hanyoyin jahar Damagaram tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011, su ne ake kwaikwayo. Har rubutun da direbobi ke yi a bayan mota sai ka tarar yaro ya yi nasa da gawayi ko alli.

A waje abin ya zama kasuwa

A Turai da Amurka da Japan ƙera ƙananan motoci tsohon sha'ani ne mai kamfanoni da shaguna. A Ingila, kamfanin Meccano na birnin Libaful ya fara fitar da motocin Dinky a 1934, motocin Matchbox suka biyo baya a 1953, waɗanda aka yi wa wannan suna saboda kwalinsu kamar gidan ashana yake. A Faransa akwai Norev da Majorette, dukansu daga yankin birnin Liyon suka fito. Kamfanin Mattel na Amurka ya kawo Hot Wheels a 1968. Shi kuwa Tamiya na Japan mota yake sayarwa a wargaje cikin kwali, gutsattsarin roba masu yawa, mai saye ya zauna ya haɗa, ya goge, ya yi fenti. Akwai masu kai abin har su zana tsatsa da ƙura da tabon mai a jikin motar domin ta yi kama da wadda ta sha hanya.

A Afirka ma ba mu kaɗai ba ne. A Malawi motar waya sunanta galimoto. A Madagaska kuwa ƙera motoci da gwangwanin lemo ya zama sana'ar manya, ana sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido.

Lissafin da ke ɓoye a ciki

Babban abin da ya raba motocin kamfani da na yaranmu shi ne ma'auni. In kun duba ƙasan irin waɗannan motoci za ku ga lamba kamar 1:64 ko 1:43 ko 1:24 ko 1:18. Ma'anar 1:24 ita ce an raba kowane tsawo na motar gaske gida 24, aka ɗauki kashi ɗaya. Motar da tsawonta ya kai mita 5, wato santimita 500, a ma'aunin 1:24 za ta dawo wajen santimita 21, a 1:43 kuma ba za ta cika santimita 12 ba.

Wannan lissafi yaron da ke lakwal zai iya shi. Mu ɗauki 1:20, don ya fi sauƙin rabawa. A auna motar da igiya ko da mita irin ta tela, da izinin mai ita. In tsawonta mita 5 ne, ƙaramar za ta zama santimita 25. In tayarta santimita 70 ce daga ƙasa zuwa sama, ƙaramar tayar santimita 3 da rabi ke nan, kusan faɗin murfin kwalba. Kamiyo mai mita 12 zai zama santimita 60, tayarsa mai kimanin mita ɗaya ta dawo santimita 5. Sharaɗin guda ne: duk abin da aka auna, ƙofa ce ko gilashi ko tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, da lamba ɗaya za a raba shi. Rashin haka ne ke sa ka ga mota ta yi kyau amma tayoyinta sun yi mata girma, ko kanta ya fi bodinta.

A nan muke kira ga malaman makaranta. Yaron da mushe ke fama da shi a kan rabawa, in aka ce ya lissafa tayar motarsa, sai ka ga ya zauna ya yi, domin amsar tana da amfani a wurinsa.

Daga wasa zuwa sana'a

Ba duk mai motar kara ne zai zama injiniya ba, wannan gaskiya ce. Amma hannun da ya saba da aunawa da yanka da lanƙwasa ƙarfe shi ne hannun da mai walda da makanike da kafinta da maƙeri ke nema a wurin ɗan koyo. Manyan kamfanonin mota ma har gobe sai sun sassaƙa sabuwar mota da wani irin yumɓu, ƙarama da babba, sun dube ta ta kowane ɓangare, kafin su kai ta masana'anta.

Muna da misali a kusa. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya yi karatun zanen motoci a birnin Ditroyit na Amurka, ya yi aiki da kamfanin General Motors, kuma shi ya zana siffar farko ta motar Chevrolet Volt mai aiki da lantarki, wadda aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar da ke kula da zane da bunƙasa ƙera motoci a Najeriya. Ba kowa zai kai can ba, amma cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM da garajojin cikin gari suna nan kusa da mu.

Inda haɗarin yake

Iyaye da ke faɗa ba su rasa hujja ba. Bakin gwangwani kaifi gare shi kamar aska, kuma yara a juji suke tono shi. Rauni da ƙazanta ta shiga yana iya jawo ciwon tetanus, mai sanƙarar da jiki, wanda ke kisa. In yaro ya yanke, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti a duba maganar allurar rigakafi. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai a kan ciwon.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Gwangwani ko robar da aka zuba maganin ƙwari ko na feshin ciyawa ba abin wasa ba ne ko da an ɗauraye. Manoma su daina yar da su inda yara ke kaiwa. Haka nan kada yaro ya fasa batir, ƙananan batura masu kama da maɓalli kuma a nisanta su daga masu rarrafe, don haɗiye su babban haɗari ne. Sai kuma titi: mai tura mota idonsa na ƙasa, ba ya ganin babur.

Abin da muke gudu

Yau motar roba mai araha ta cika kasuwanni, wayar salula kuma ta kama idon yara. Wanda aka saya wa mota ya samu abin wasa na kwana biyu, in ta karye sai kuka. Wanda ya ƙera tasa kuwa, in taya ta fita ya san yadda zai mayar. In muka bari wannan ya ɓace, mun yi asarar makarantar da ba mu taɓa biyan ko dala a kanta ba.

Don haka, baba, in ka tarar da ɗanka yana daddale gwangwani, kafin ka ɗauki tsumagiya ka tambaye shi ko ya gama aikin lakwal da na allo. In ya gama, ka nuna masa yadda ake naɗe bakin kwano don kada ya yanke, ka ara masa filaya, ka zauna ka ga abin da zai fitar. Inna, ki ajiye masa gwangwanin madara mai tsabta, ya huta da tonon juji. 'Yan mata ma in sun nuna sha'awa a bar su su gwada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu bibiyarmu daga Sassumburum da Magariya da Dungas da kewaye, in akwai yaro ko babba mai wannan baiwa a unguwarku, ku sanar da gidan rediyo, za mu so mu ga aikinsa mu ji ta bakinsa.