Cututtukan da Ake Ɗauka a Asibiti da Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magani

Gabatarwa

Asibiti wuri ne da ake zuwa neman lafiya, amma masana sun daɗe da sanin cewa akwai majinyatan da kan kwanta da cuta guda, su tashi da wata wadda ba da ita suka zo ba. Mace takan haihu lafiya, bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe ta. Akan yi wa mutum tiyata ta yi kyau, daga baya ɗinkin ya ruɓe ya shiga fitar da mugunya. Irin wannan ita ake kira cutar da aka ɗauka a asibiti, kuma galibi akan lasafta ta haka ne idan alamunta sun bayyana bayan awa 48 da kwantar da majinyaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2022 cewa a cikin kowane majinyata 100 da aka kwantar, 7 kan ɗauki irin wannan cuta a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe masu tasowa, sannan kimanin ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka kan rasa ransa.

Fagen da ke nazarin wannan al'amari shi ne ilimin yaɗuwar cututtuka. Babban makaminsa ƙidaya ce. Mai bincike kan tambayi su wa suka kamu, a ina, kuma yaushe, sannan ya kwatanta su da waɗanda ba su kamu ba, har ya gano abin da ya bambanta su.

Ɗakunan haihuwa biyu na Biyana

Misalin da ya fi fito da wannan hanya fili ya faru ne a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Asibitin yana da ɓangarorin haihuwa biyu. A na farko ɗaliban likitanci ne ke koyon aiki, a na biyu kuwa ɗaliban ungozomanci. Ana karɓar masu naƙuda ne bisa rana: yau a kai su wannan ɓangare, gobe a kai su wancan. Ke nan babu wanda ya zaɓe su, matan duk iri ɗaya ne. Duk da haka, tsakanin 1841 da 1846 kusan kashi 10 cikin 100 na matan da suka haihu a ɓangaren farko sun mutu, akasari da zazzaɓin bayan haihuwa, alhali a na biyu adadin bai kai kashi 4 ba. Matan gari sun san da wannan bambanci, har wasu kan yi roƙon kada a kai su wurin likitoci.

Wani matashin likita ɗan ƙasar Hungari mai suna Ignaz Semmelweis ya ɗauki dalilan da ake bayarwa ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da alƙaluma. An ce gurɓatacciyar iska ce, amma iska ɗaya ke kaɗawa a ɓangarorin biyu. An ce cunkoso ne, sai ya tarar ɓangaren ungozomomi ya fi cunkoso. A shekarar 1847 abokin aikinsa, Jakob Kolletschka, ya rasu bayan wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa suna binciken gawa. Abin da aka gani a jikinsa ya yi daidai da abin da ake gani a jikin matan da ke mutuwa. A nan Semmelweis ya lura da abin da kowa ke gani kullum ba tare da ya ɗauke shi da muhimmanci ba: ɗaliban likitanci kan fito daga ɗakin gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda, su kuwa ungozomomi ba sa taɓa gawa.

A tsakiyar watan Mayu na wannan shekara ya wajabta wa kowa wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa majinyaciya. A watan Afrilu mace-macen sun haura kashi 18 cikin 100. A watan Yuni suka sauko zuwa kimanin kashi 2. Abin lura a nan shi ne, Semmelweis bai san ƙwayoyin cuta ne sanadi ba, domin a lokacin ba a tabbatar da hakan ba. Shi ɓurɓushin gawa ya zarga. Wato ƙidaya ta nuna masa mafita tun kafin kimiyya ta bayyana dalili. Manyan likitoci da dama sun ƙi amincewa, watakila saboda nauyin da ke cikin a ce hannun mai magani ne ke kai mutuwa. Ya rasu a 1865 a wani gidan kula da masu taɓin hankali, ba tare da ya ga an karɓi ra'ayinsa ba.

Zuwan fenisilin

A shekarar 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin a birnin Landan, kuma a farkon shekarun 1940 Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Jami'ar Oxford suka mayar da shi maganin da za a iya ba mutum. Cututtukan da a da sai dai a zuba wa majinyaci ido suka zama abin warkarwa cikin 'yan kwanaki. Shi kansa Fleming, a laccarsa ta karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da kima zai iya haifar da ƙwayoyin da ba sa jin sa.

Ba a jima ba gargaɗin ya tabbata, kuma a asibiti aka fara gani. Wata masaniya mai suna Mary Barber ta bi diddigin ƙwayar istafilokokas, wadda ke haddasa maruru da ruɓewar rauni, a asibitin Hammersmith na Landan. A 1946 waɗanda suka bijire wa fenisilin ba su kai kashi 15 cikin 100 ba. A 1948 sun kai kashi 59. Aka ƙirƙiro metisilin don maganin wannan matsala, amma a 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton istafilokokas da shi ma ba ta jin sa. Ita ce ake kira MRSA a taƙaice, wadda ta zama annobar asibitoci a faɗin duniya.

Yadda bijirewa ke faruwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jama'a, wato "jikina ya saba da wannan magani". Ya kamata malami ya kula da ita, domin ta ɗora abin a inda ba nan yake ba. Jikin mutum ba ya bijire wa maganin kashe bakteriya. Ƙwayar cutar ce ke bijirewa. Bambancin yana da girma. Da a jiki abin yake, da ya tsaya ga mai jikin. Tun da yake a ƙwayar cuta ne, tana iya tashi daga wanda ya sha maganin ta kama jaririn da bai taɓa shan komai ba.

A cikin miliyoyin bakteriya da ke jikin majinyaci, akan sami 'yan ƙalilan da ke da wata baiwa ta gado da ke kare su, alal misali sinadarin da ke wargaza fenisilin. Idan aka sha magani, sai ya kashe masu rauni ya bar waɗannan. Kamar manomi ne da ya nome duk ciyawar gona ya bar iri guda: ya share mata fili ke nan. Wasu bakteriya kan rabu gida biyu cikin minti 20 idan yanayi ya yi musu daɗi, don haka ƙalilan ɗin nan kan zama runduna cikin yini guda. Daɗin daɗawa, bakteriya kan miƙa wa juna wannan baiwa, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Ita baiwar ta girmi magungunan kansu. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa wani nau'in MRSA ya samo asali ne a jikin bushiyar Turai tun ƙarni na 19, saboda wani naman gwari da ke fatarta yana fitar da sinadari dangin fenisilin. Abin da ɗan Adam ya yi shi ne gaggauta abin, ta hanyar shan magani barkatai. Mura, alal misali, bairos ne ke kawo ta, kuma maganin bakteriya ba ya yi wa bairos komai. Wanda ya sayi kafso biyu a kemis ko wurin mai talla don mura bai taɓa murar ba, sai dai ya tace bakteriyar da ke cikin hanjinsa ya bar masu taurin kai. Haka abin yake a gonakin kaji da ake zuba maganin cikin ruwan sha ba tare da umarnin likitan dabbobi ba.

Asibiti kuwa ya tara duk abin da ke ciyar da matsalar gaba. Nan ne aka fi shan magunguna masu ƙarfi, nan ne masu raunin garkuwar jiki ke kwance kusa da juna, nan ne ake huda fata da allura da robar ƙarin ruwa da robar fitsari, kuma hannu guda kan taɓa majinyata da yawa kafin rana ta faɗi.

Girman matsalar

Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022, wanda ya shafi ƙasashe da yankuna 204, ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma tana da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki, da kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000, alhali a yankin Ostireliya da Niyu Zilan adadin bai kai 7 ba. Wannan na nuna cewa yawan shan magani ba shi kaɗai ne sanadi ba. Inda babu ruwa mai tsabta cututtuka kan yawaita. Inda babu ɗakin gwaji likita kan rubuta magani bisa zato. Idan kuma maganin farko ya gaza, na biyu kan fi ƙarfin aljihun talaka.

Komawa ga hannu

Shekara kusan 150 bayan Semmelweis, Didier Pittet da abokan aikinsa a asibitin jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan suka sake ƙidaya. A 1994 sun tarar ma'aikata na tsabtace hannu sau 48 ne kawai cikin kowane lokuta 100 da ya kamata. Suka gane cewa ba taurin kai ne kaɗai ba: ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin masu tsananin ciwo ba ta da lokacin zuwa famfo kafin kowane majinyaci. Sai aka samar da ruwan goge hannu mai sinadarin alkohol a ƙananan kwalabe, a aljihu da gefen gado. Zuwa 1997 adadin ya kai 66, cututtukan da ake ɗauka a asibitin suka ragu daga kashi 16.9 a 1994 zuwa 9.9 a 1998, yaɗuwar MRSA kuma ta ragu da fiye da rabi. Duk cutar da aka hana aukuwa, an tanadi maganin da da an sha, an kuma rage wa bakteriya damar tacewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan tsari a 2005, aka kuma gwada shi a asibitin Point G da ke Bamako a ƙasar Mali, inda aka riƙa haɗa ruwan goge hannun a sashen magunguna na asibitin. Tsabtace hannu ta tashi daga kashi 8 zuwa kusan kashi 22 cikin 100. Ci gaba ne, amma har a lokacin ana tsallake kusan huɗu cikin kowane lokuta biyar. Wani rahoton haɗin gwiwa na Hukumar da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2021 rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin ruwa da sabulu ko ruwan goge hannu a wurin duba majinyata da kuma bakin banɗaki.