Bilbao: Garin Da Ya Wanke Fuskarsa

Uwargida, idan Allah ya nufa maigida ya ce ki haɗa jakarki za ku leƙa Sifaniya, kada hankalinki ya tsaya a Madrid da Basalona kawai. Can arewa kusa da teku akwai Bilbao, birni mafi girma a yankin ƙabilar Bask. Mutanen nan suna da harshensu, Euskara, wanda bai haɗa dangi da Sifaniyanci ko Faransanci ba, shi ya sa za ki ga allunan titi da harshe biyu.

Da can ba wanda ke zuwa Bilbao yawon buɗe ido. Garin narka ƙarfe ne da ƙera jiragen ruwa, kogin Nervión da ya ratsa shi ya yi baƙi ƙirin da dattin masana'antu. A watan Agusta na 1983 ambaliya ta mamaye tsohon gari, ga masana'antu suna rufewa, magidanta na rasa aiki. Sai mutanen garin suka zage dantse. Aka tsabtace kogi, aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1995, sannan a 1997 aka buɗe gidan adana kayan fasaha na Guggenheim a bakin kogin.

Wani magini Frank Gehry ne ya zana shi, an lulluɓe shi da farantan ƙarfen titaniyam masu sheƙi kamar ɓawon kifi, launinsu na sauyawa da hasken rana. A ganina, in kina tare da yara, wajen ginin ya fi cikinsa daɗi, kuma ba a biyan ko sisi. A bakin ƙofa akwai ƙaton kwikwiyo mai tsayin kusan mita 12, jikinsa duk furanni masu rai. Ta bayan ginin kuma ga wata gizo-gizo ta ƙarfe, har mutum ya wuce ta ƙarƙashinta, tana ɗauke da ƙwayayenta a ciki. Sunanta Maman, wato Uwa. Louise Bourgeois ce ta ƙera ta don tunawa da mahaifiyarta, wadda sana'arta gyaran saƙaƙƙun labulen bango ce. Yaran da suka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi sai kin ja su kafin su bar wurin.

Daga nan ki nufi tsohon gari, inda tsofaffin tituna bakwai suke, ki shiga kasuwar Ribera, wadda gininta na 1929 ne. Kifi kala-kala, ɗanye shar, sai wanda idonki ya gani.

To, a nan fa sai ki yi hattara. Abin alfaharinsu shi ne pintxos, 'yan ƙananan loma a kan yankan burodi, an soke da tsinke, an jera a kan kanta. Da yawansu da naman alade aka yi. Ki riƙe kalmomi uku: jamón, chorizo da cerdo. Duk inda kika ji ɗaya daga cikinsu, ki janye hannun yaro. Ki nemi bacalao, kifin da suke adanawa da gishiri, ko wainar ƙwai da dankalin Turawa, amma ko ita ki tambaya, domin wasu na yanka alade a ciki, wasu miyar kuma ana zuba mata giya.

In kina son ganin garin gaba ɗaya, akwai ɗan jirgin da igiya ke ja zuwa saman tudun Artxanda, tun 1915 yake aiki. A bakin teku kuma, tsakanin Portugalete da Getxo, akwai gadar ƙarfe ta 1893 mai wani ɗaki a rataye da ke tsallakar da mutane da motoci. UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2006.

Kada ki manta da laima da rigunan sanyin yara, domin garin yayyafi ne, har suna suka raɗa masa: sirimiri. Tsarabarki kuma ki gama sayenta ranar Asabar, yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi.