Dattawan Zangon Wagadugu da Tsuntsayen da Suka Sani

Wanda ya shiga tsakiyar Wagadugu yau yana cigiyar Peuloghin ko Zangouettin, sai dai a nuna masa benaye da bankuna da otal-otal a kewayen titin Kwame Nkrumah, da wasu filaye da suka daɗe ba a gina ba. A nan unguwannin suke a da. Zangouettin zangon Hausawa ce, jikokin fataken da ke ratsa ƙasar Mosi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro tun kafin Faransawa su ci garin a 1896. Peuloghin kuwa ta Fulani ce, maƙwabciyarta ta kusa. A 2003 gwamnatin Blaise Compaoré ta rushe su tare da Tiedpalogo da sassan Koulouba da Kamsaoghin, a shirin da ake kira ZACA, don a gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Mutum kimanin 12,500 aka tasa, aka ba su fuloti a gefen Ouaga 2000 da kuma Nioko.

Magidantan da aka tasa a wancan lokaci su ne tsofaffin yau. Wanda ya yi aikin gwamnati yana karɓar fansho a CARFO, ma'aikacin kamfani kuma a CNSS. Amma akasarin 'yan Zango 'yan kasuwa ne da mahauta da teloli da malamai, waɗanda ba su da takardar ritaya. Ranar da ƙafa ta gaza, sai ɗa ya karɓi rumfa, uba ya koma kan tabarma a gindin dogon yaro, ga carbi, ga butar shayi, ga rediyo a tashar Hausa.

Abin da ya fi yi wa irin wannan dattijo ciwo shi ne ziyara. A tsohuwar unguwa, tsakanin azahar da la'asar mutum zai leƙa gida biyar a ƙasa, ya duba mara lafiya, ya yi barka, ya dawo bai yi gumi ba. Yanzu aminin yana kudancin gari, shi yana gabas, kuma a watan Afrilu zafin Wagadugu yakan haura digiri 40. Dole ya jira jika ya goya shi a babur. Zumuncin da ake yi kullum ya koma na Juma'a da suna da ɗaurin aure da ta'aziyya. Idan an haɗu kuwa ba a gaggawa: “Alhaji, ina gajiya?” “Ina iyali, ya ƙarfin jiki?” sai an bi gida gida da tambaya kafin a zauna.

A Amurka, masu ritaya da yawa kan koma hamadar Arizona da lokacin sanyi, su rataya madubin hangen nesa suna ƙirga tsuntsaye a littafi. Dattijon Zango ba shi da madubi, kuma ba zai ce maka yana da sha'awar kallon tsuntsu ba. Amma ka taɓo masa zancen ungulu ka ji.

Ungulun gari, ƙaramar nan mai siririn baki da jar fuska, ta taɓa cika Wagadugu har ba a ganin ta a matsayin abin kallo. Tana jere a kan rufin kasuwar Rood Woko, tana tsalle a bayan mahauta tana jiran a watsa hanji, tana kwana a manyan itatuwan maɗaci na bakin titi. Tsohon mahauci ya san ba ta tsoron mutum, sai an daka mata tsawa take matsawa taku biyu. Shi ne kuma zai fara shaida cewa ta yi ƙaranci. Masana sun tabbatar da abin da idonsa ya gani. Wani Bafaranshe mai nazarin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga su daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun kusa ƙarewa a wuraren da ba gandun daji ba, ta gari kuma ta ragu da kusan rabi. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin halittun da ke dab da ɓacewa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana sa mata guba a mushe, ana kwashe mata ƙwai, ana sare itatuwan da take sheƙa. Kanta da ƙafafunta suna tsada wurin masu tsibbu, kuma babbar kasuwar kayan tana Najeriya da Benin, abin da ya kamata ya sa mu jin kunya. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka duk wadda aka kashe ba a mayar da gurbinta da wuri. Ga shi aikin da take yi na kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta, babu ma'aikacin tsafta da zai yi shi kyauta.

Shamuwa ita ce ta fi sa'a. Tana dawowa daga kudancin Afirka wajen Afrilu da Mayu, baƙa mai farin ciki, ta yi sheƙa a cikin gari, ta ci fara. Ganinta albishir ne na damina, ba a jifanta.

Dattijon da ƙafarsa ke da sauran ƙarfi yana da inda zai kai amininsa. Dajin Bangr-Weoogo yana cikin gari, kusa da asibitin Yalgado Ouédraogo da madatsar ruwa ta uku. Fadinsa ya haura hekta 200, an killace shi tun zamanin Faransawa, aka miƙa shi ga hukumar birni a 2001. Da sassafe, kafin rana ta yi zafi, za a ji kukan ragon maza daga cikin sarƙaƙiya, a ga cilakowa tana tashi tana sauka tsakanin itatuwa. A bakin ruwa zalɓe na tsaye cik, belbela na kiwo, kadoji na shan hantsi. Da hunturu akwai baƙi daga Turai, waɗanda suka ƙetare Sahara gudun sanyi. Babbar matattararsu a ƙasar ita ce tafkin Oursi can arewa, wanda ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1990, sai dai rashin tsaro ya sa zuwa can ya yi wuya. Shi ya sa ruwan Wagadugu ya ƙara daraja ga masu ƙidayar tsuntsaye.

Ƙungiyar Naturama, abokiyar aikin BirdLife a Burkina Faso, tana cikin masu wannan aiki, kuma a kowace Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya. Ƙidaya tana faɗin adadin da ake da shi yau. Wanda zai faɗi a kan wace bishiya ungulu ke kwana a Peuloghin a shekarun 1970, ko wace shekara shamuwa ta daina sheƙa a wani lungu, yana zaune a Nioko, shekarunsa sun haura 75. Ya dace ɗaliban Jami'ar Joseph Ki-Zerbo masu jin Hausa da Fulatanci su ɗauki rikoda su bi majalisun nan ɗaya bayan ɗaya, su fara da na tsofaffin mahauta.