Idan Wuri Ya Cika, Wane Shafi Waya Ke Kora?

Ƙannenmu na Riruwai, Tudun Wada, Kiru da Bebeji, yawancinmu mun san wannan takaici: ana cikin karanta tsofaffin tambayoyin JAMB a waya, a leƙa WhatsApp, a dawo a tarar karatun ya koma farko. Sai a ce waya ta tsufa, alhali sau da yawa wuri ne ya ƙare mata.

Ma'ajiya biyu ce a waya. Babbar, inda hotuna da waƙoƙi suke, kamar akwatin ɗalibi take a ɗakin kwana. Ƙaramar mai sauri, wadda masu sayar da waya ke kira ram, ita ce teburin karatu. Ita ma, kamar sauran sassan waya, da dalmar da galibinta kuza ce ake liƙa ta, irin ma'adinin da aka san Riruwai da shi. Babbar manhajar Android tana yanka ram ƙanana-ƙanana, kowane yanki sunansa shafi, yawanci kilobait 4. Waya mai gigabait 2 tana da shafi fiye da 500,000. Idan duk sun cika kuma ana neman wuri, dole a kori wani.

A 1966 László Bélády na kamfanin IBM ya bayyana zaɓin da ya fi kowanne: a kori shafin da za a fi daɗewa ba a neme shi ba. To, amma sanin gaibu sai Allah, don haka manhaja hasashe take yi.

Hanya mafi sauƙi ita ce wanda ya fara shiga shi zai fara fita, kamar layin famfo. Tana da wani abin mamaki da aka wallafa a 1969, kuma za ku iya gwadawa a takarda. Ku ce ana neman shafuka a wannan jeri: 1, 2, 3, 4, 1, 2, 5, 1, 2, 3, 4, 5. Ku ƙirga sau nawa aka nemi shafi ba ya kan tebur. Da tebur mai cin shafi 3, sau 9 ne. Da mai cin 4, sau 10. An ƙara wuri, wahala ta ƙaru!

Shi ya sa aka fi karkata ga korar wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba. Rubuta lokacin da aka taɓa kowane shafi aiki ne mai cin lokaci, sai aka yi dabara: shafin da aka taɓa yana samun alama, manhaja tana zagayawa kamar hannun agogo. Mai alama a goge masa a wuce, wanda aka tarar babu alama shi ke fita.

Android kan zubar da shafin da kwafinsa ke akwati, ta matse sauran su ƙanƙance. In duk da haka wuri bai isa ba, sai ta rufe manhajar da aka bari a baya gaba ɗaya. Abin da ke cinye mana karatu ke nan.

A ganinmu manhajojin da ke tallar share waya ba sa magance wannan: su ma wuri suke ci, kuma da yawa daga abin da suka rufe yana sake tashi. Gara a cire manhajojin da ba a amfani da su, a koma marasa nauyi irin Facebook Lite.